Riƙe Sunan Uwa da Labarinta: Hakkin da Muke Sakaci da Shi

  Gaisuwa ga mutanen Dogon Dutsi da Matankari da Ɗankasari da Dogon Kirya. Gaisuwa ga na Tibiri da Dumega da Kore Mai Ruwa da Gesheme, da duk wanda muryarmu ta iske a gona ko a gindin murhu. Yau maganarmu a kan mace ce. Macen da ta yi zaman aure, ta haifa, ta rena, ta ga jikoki, sannan Allah ya karɓi abinsa. Kowane gida a ƙasar Arewa, nan Nijar, ya binne irinta. Magana ɗaya nake so in kafa wa hujja. Addu'a ita ce hakkinta na farko a kanmu, wannan babu ja. Amma akwai hakki na biyu da muke sakaci da shi, wato riƙe sunanta da labarin rayuwarta, a miƙa wa na baya. Zan fara da yadda sunan yake ɓacewa. Sai in zo kan abin da muke asara. Daga nan mu saurari masu cewa a'a, don suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne.

To, kashi na farko: yaya sunan mace yake ɓacewa? Malam, kai da ke saurare, gwada wannan. Faɗi sunan mahaifinka. Faɗi na kakanka. Ƙara gaba. Mutane da yawa za su kai kaka na uku ko na huɗu ba tare da tuntuɓe ba, 'yan gidan sarauta a Matankari kuwa su wuce nan. Yanzu juya ta ɗaya ɓangaren. Sunan mahaifiyarka ka san shi. Na wadda ta haife ta fa? Sunan yanka nake nufi. To, na uwar wannan kuma? A nan ne galibi harshe yake tsayawa. Ba don ba a son su ba ne. Hanyar ɓacewar a bayyane take, kuma da hannunmu muka share ta. Yarinya ta shigo gida, ana ce mata Amarya. Mijinta ba ya kama sunanta, musamman in ita ce ta fari. Ta haihu, ta koma uwar wane. 'Ya'yanta suna ce mata Inna ko Iya. Jikoki suna ce mata Kaka. In Allah ya nufe ta da zuwa Makka, sai Hajiya ta rufe sauran. Ranar da aka yi mata takwara, sai ka ce ai suna ya tsira. Ina! Takwarar ma ba a kiranta da sunan, saboda kunyar mai shi. Sai a laƙaba mata Uwani ko Ummi ko Mama. A lakwal, wato makarantar boko, ana rubuta yaro da sunansa da na ubansa. A ofis matar aure ta zama Madam wane. Har sanarwar rasuwa a rediyo, sau da yawa abin da za ka ji shi ne matar Alhaji wane, mahaifiyar wane, ta riga mu gidan gaskiya. An faɗi sunan maza biyu, an tsallake na mai rasuwar.

Ku dubi zaman makoki. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, ƙarƙashin rumfa. Baƙo ya zo, ya durƙusa, an ɗaga hannu an shafa Fatiha. Ya haƙuri? Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya jiƙanta, baiwar Allah ce mai haƙuri. Shi ke nan. Haka aka ce da wadda aka binne jiya, haka za a ce da ta gobe. Shekara saba'in na rayuwa an dunƙule su a kalma ɗaya. Amma leƙa cikin gida, wajen mata. Can ne ake labarin gaske. Wata tana share hawaye da bakin zane tana cewa ita ta yanke cibiyar 'ya'yana duka. Wata ta ce ranar da na yi yaji, ɗakinta na kwana, ita ta mayar da ni. Wata ta tuna kwanon geron da aka miƙo mata ta kan danga da dare, don kada kowa ya gani. Wannan shi ne tarihin marigayiya. Kuma ranar da aka naɗe tabarmi aka watse, shi ma ya watse. Babu wanda ya rubuta. Babu wanda ya ce wa yara ku zo ku ji.

Mu shiga kashi na biyu. Me muke asara? Wani zai ce ai jin daɗin zuciya ne kawai. A'a, abin ya wuce nan. Ɗauki maganar shayarwa. A shari'a, yaran da suka sha nonon mace ɗaya cikin shekarunsu biyu na farko 'yan'uwa ne, aure ya haramta tsakaninsu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko kaɗan aka sha, hukuncin ya tabbata. To, wa ya san wanda ya sha nonon wa? Liman bai gani ba. Mai gari bai gani ba. Tsohuwar da ta ɗauki jaririn maƙwabciya ta ba 'yarta ta shayar, ranar da uwarsa ke kwance da zazzaɓi, ita ce ta sani. In ta tafi da wannan sanin, wata rana ana iya ɗaura auren da bai halatta ba, kowa yana guɗa. Ɗauki maganar gado. Mace tana gadon ubanta, 'ya'yanta kuma suna gadonta. In jikoki ba su san daga wane gida kakarsu ta fito ba, ba za su san gonar da suke da rabo a cikinta ba, ba kuma za su san dangin da zumuncinsu ya hau kansu ba. Ɗauki maganar lafiya. Likita yana tambaya ko akwai hawan jini ko ciwon suga ko amosanin jini a danginku, don waɗannan suna bin jini. Rabin jininka kuwa ta wajen uwa ya zo.

Akwai kuma ilimin tsira da rai, wanda a wannan ƙasa tamu ba abin rainawa ba ne. Tsofaffinmu mata sun ga yunwar 1973 da 1974. Sun ga ta 1984, wadda a ƙasar Hausa ta Nijar ake kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Sun ga ta 2005. A waɗannan shekaru maza da yawa sun tafi cin rani, wasu Nijeriya, wasu bakin teku. Wa aka bari da yara da rumbu wayam? Ita. Ita ta san anza. Ta san ba a cin 'ya'yanta haka nan, sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ta san tafasa da jiga da yaɗiya, ta san wanda ake kwaɗawa da ƙuli da wanda sai an tafasa an matse. Ta san yadda ake raba tiya ɗaya ta gero ta kai inda ba a zata ba. A shekarar wadata kuma, gamanarta, wato 'yar gonar da take nomawa don kanta, ita ke kawo gyaɗa da gujiya da kuɓewa da yakuwa. Daga nan kuɗin sabulu da na magani da na kayan ɗakin 'ya suke fitowa. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna macen Nijar, in an daidaita, tana haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai. Ku lissafa ciki da goyo da yaye, ku haɗa da daka da surfe da jan guga a rijiya mai zurfi ta kan tudu, nesa da kwarin Dallol Mauri inda ruwa yake kusa. Wanda ya ce wannan rayuwa ba ta da abin ba da labari, bai zauna ya saurara ba ne.

Yanzu kashi na uku, masu saurare. Mu ba masu ja dama. Na farko malami ne, ko mai kishin addini. Yana cewa mamaci ba ya amfana da labari. Abin da ke isa kabari addu'a ce da sadaka. Yawan ambaton mamaci yana tayar da baƙin ciki, yana iya kaiwa ga kururuwa da yage tufafi, abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana. Wannan magana tana da gaskiya, kuma na karɓi rabinta. Labari ba ya maye gurbin addu'a. Kururuwa haramun ce. Amma mu duba abin da shi Manzon ya yi da Nana Khadija. Ta rasu tun a Makka, kafin hijira. Shekaru bayan haka, a Madina, bai daina ambatonta ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Nana A'isha, wadda ba ta zauna da ita ba, ta faɗa da bakinta cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, saboda yawan ambaton da yake yi mata. Ga miji yana kama sunan matarsa da ta rasu, yana lissafa alherinta a gaban jama'a. Ga kuma Sa'adu ɗan Ubada. Mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi wace sadaka ta fi, aka nuna masa ruwa. Ya haƙa rijiya, ya ce ta mahaifiyarsa ce. Sadaka da tunawa suka tafi tare. Sannan ku yi tunani: jikan da bai san an yi wata mace ba, yaya zai yi mata addu'a? Labarin shi ke ja wa mamaci addu'ar waɗanda ba su gan shi ba.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, a ƙasar da yau take cikin Nijar, an san sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, an san na kakarsa Ruƙayya. An san su ne don gidan malamai ne masu rubuta nasaba ta ɓangare biyu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi abin da ya fi wannan. Ta rubuta marsiyyoyi, wato waƙoƙin alhinin mamaci. Ba ga sarakuna da manyan malamai kaɗai ba. Ta yi wa aminiyarta A'isha. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa wata baiwar Allah Zaharatu, mai zuwa wajen mata masu naƙuda, mai wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin masu muƙamin jaji, wato shugabannin ayarin mata 'Yan Taru da ke zuwa daga ƙauyuka ɗaukar karatu. Malama 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ta ga ya dace ta kama sunan ungozoma ta adana shi a rubuce. Yau fiye da shekara ɗari da hamsin ke nan ana karanta sunayen nan. Wanda zai ce wannan aiki ya saɓa wa addini, sai ya fara da ita.

Mai ja na biyu yana cewa: to, waɗannan manya ne. Tawa kakar me ta yi? Ba ta yi sarauta ba, ba ta yi yaƙi ba. Amsar tana nan kusa da mu, a Lugu, cikin ƙasar Ɗankasari. A watan Afrilu na 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya iso can, yana ƙone garuruwa a hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi miƙa wuya. Aka gwabza, aka ƙone garin, mutane suka shige daji. Wannan mace ta yi sarauta, ta yi yaƙi. Amma duk da haka takardun Turawan ba su ba ta fiye da 'yan layuka ba, su ma na raini. Bakin mutanen Lugu ne ya riƙe ta. Sai a 1980 Abdulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kanta, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Daga nan duniya ta ji. Amma littafin Mamani ƙagaggen labari ne, ya cike giɓi da basirarsa, don an daɗe kafin a zo tambaya. In har Sarauniya sai da ta kusan shuɗewa a takarda, ina ga matar talaka? Yanzu ku kwatanta da Baba ta Karo. Talaka ce, ba ta yi boko ba, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan dangi da ta rena. Tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a 1954, kuma har gobe masu nazarin rayuwar Hausawa a jami'o'in duniya suna komawa gare shi, don jin yadda aka yi aure da kishi da ƙawance da zamanin harin bayi. Baba ba ta fi kakarka sanin duniya ba. An zauna an tambaye ta tana da rai, shi ne bambancin.

Na uku yana maganar kunya. Yana cewa ɗa ba ya kama sunan uwarsa, miji ba ya tallan matarsa, wannan tarbiyyarmu ce. Ina girmama wannan, kuma ba na kiran kowa ya tsaya tsakar gida ya ƙwala wa mahaifiyarsa kira da sunan yanka. Kunya an yi ta ne don a ɗaukaka mutum. In ta kai ga shafe shi daga zukatan jikokinsa, ta wuce inda aka aike ta. Kuma al'adar da ta kawo kunyar ita ta buɗe wata ƙofa. Tsakanin jika da kaka babu wannan shamaki. Wasa ne tsakaninsu. Jika namiji yana ce mata matata, ita tana ce masa maigida, tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba. Abin da ɗa ba zai iya tambaya ba, jika zai tambaya ana dariya. Saboda haka aikin nan na jikoki ne. 'Yan lakwal da 'yan makarantar allo, da ku nake. Rubuta suna a takarda kuma ba kiransa ba ne.

Akwai na huɗu, kuma tsoronsa ya fi na sauran kama hankalina. Yana cewa in an buɗe wannan ƙofa, ƙarya za ta shigo. Kowa zai mayar da uwarsa waliyyiya. A gidan da ake da kishiyoyi kuma, 'yan wannan ɗaki za su yabi tasu don su muzanta ta wancan. Haka ne, yana faruwa. Maganinsa shi ne a bar kirari, a kama aiki. Kada ka ce ta fi kowa kirki. Ka ce ita ke dama furar da ake kai wa masallacin unguwa da azumi. Ka ce ta yi adashi shekara da shekaru ta sayi tunkiyar da aka sayar aka biya maka kuɗin jarrabawa. Aiki yana da shaidu, ana iya tambayarsu. Addini ya hana zagin matattu da tona asirinsu, don haka abin da ta rufe a bar shi a rufe, kuma kada a sa sunan kishiyarta cikin abin da zai ɓata zumunci. Amma wahalar da ta sha ba aibi ba ce. In ta binne 'ya'ya uku da ƙyanda kafin rigakafi ya wadata, a faɗa, a faɗi sunayensu. Jikanyarta da ke jinkirin kai yaro allura tana bukatar jin wannan.

Kashi na ƙarshe, masu saurare: yaya za a yi? Wani zai ce mu da ba mu iya rubutu ba fa? Salula tana ɗaukar murya. Kusan kowane gida akwai mai ita, ko a maƙwabta. In tsohuwar tana da rai, kada a jira. Manomi yana ware iri ne tun ranar girbi, ba ya bari sai rumbu ya ƙare. A nemi izininta tukuna. A zauna bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ko da hantsi tana tsinkar zogale. Kada a yi mata tambayar alƙali. A fara da mai sauƙi: Kaka, a wane gari aka haife ki? Wa ya haife ki, wa ya haifi innarki? Wa ke sarauta lokacin? Shekarar aurenki, kafin yunwa ne ko bayanta? Tsofaffi ba sa ƙirga da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma daga nan mai ilimi zai iya fitar da shekarar. A tambaye ta wa ta shayar, wa ya shayar da 'ya'yanta. A tambaye ta bashin da ake binta da wanda take bi, don ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado. In ta gaji a bari, gobe ma rana ce.

In kuwa ta riga ta rasu, ƙawayenta suna nan, ƙannenta suna nan, mijinta ma wataƙila yana nan, kuma dattijon da ba zai yi maganarta a gaban 'ya'yansa ba yana iya yi wa jikarsa. A je musu da goro. Mata, ku da kuke cikin gida ranar makoki, ku jawo 'yan mata kusa su ji abin da ake faɗa, ɗaya ta riƙe alƙalami. Masu kai sanarwa gidan rediyo, ku sa sunanta da na mahaifinta kafin na miji. A je ma'aikatar magajin gari a yi takardar rasuwa, don sunanta ya shiga rajistar hukuma, takardar kuma tana amfani wajen gado. Abin da aka ɗauka a salula kada a bar shi can kaɗai, don salula tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sayar da ita. A samu yaro ya kwafe shi a littafi, da boko ko da ajami, duk wanda gidan ya iya karantawa. A yi kwafi biyu. Ɗaya ya zauna a gidan da ta yi aure, ɗaya a kai gidan da aka haife ta. Muryarta da hotonta kuma na iyali ne, kada a watsa su a WhatsApp ko Facebook sai da yardar 'ya'yanta duka.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya.